Filin Bakanike: Amsoshin Tambayoyinku kan Tsofaffin Babura da Motoci

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa ne, kuma kusan duk kukan ɗaya ne: an ce sai an sauke inji. Tsohon inji da ya shekara arba'in yana aiki bai cancanci a yi masa garaje ba. Sau da yawa laifin na ƙura ne, ko gurɓataccen mai, ko ruwan da ake ɗura masa, kuma duk ana iya gano su a ƙofar gida da 'yan sifanu da haƙuri.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar babur Honda CG 125, yana jingine a ɗakin ajiya yau shekara 6. Na zuba mai na yi ta kik, ko tari bai yi ba. An ce mini sai an buɗe inji an sa sabon fistin. Gaskiya ne? (Daga wani matashi a ƙaramar hukumar Ringim)

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka bari a taɓa injin nan tukuna. CG 125 ya fito ne a 1975, kuma kamfanin Honda ya ƙera shi musamman don ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa. Shi ya sa ba shi da sarkar taimin, 'yan sanduna biyu ne ke tura bawul. Zama a ɗaki ba ya cinye fistin. Abin da zama ke ɓatawa shi ne mai da roba da waya.

Ka daina kik ɗin nan daga yau, domin bayan shekara shida babu ko ɗigon baƙin mai a jikin silinda, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Ka kwance fulogi, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna kik da hannu a hankali sau goma, fulogin yana waje. Sannan ka toshe ramin da babban yatsa ka sa wani ya taka kik. Idan iska ta ture yatsanka da ƙarfi, fistin da zobbansa lafiya lau suke, maganar buɗe inji ta mutu.

Sai wuta. Ka mayar da fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, a taka kik a cikin inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ake nema. In ja ce mai rauni ko babu gaba ɗaya, ka fara da sabon fulogi: NGK D8EA shi ne nasa, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. In har yanzu shiru, ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya daga makulli zuwa koyil, don ɓera ba ya raga wa wayar da ta daɗe a ɗaki ɗaya da hatsi. CG na farko-farko suna da kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, a bayan fulawil, gefen hagu. Bakinsa kan yi tsatsa ya hana wuta wucewa. Ka goge shi da lallausar takardar yashi, ka bi da tsumma mai tsabta, ka tabbatar buɗewarsa ta kai milimita 0.3 zuwa 0.4.

Amma inda muka fi zargi shi ne kafireta da tanki. Fetur in ya daɗe, mai saurin tashin cikinsa ya tsere, ya bar wani abu ja-ja mai danƙo kamar ƙaro, mai warin tsohon fenti. Wannan danƙon ne ke toshe hanyoyin mai, kuma sabon man da ka zuba a kansa bai narkar da shi ba, ya dai kwaso tsatsar tanki ya ƙara masa. Ka sauke tankin ka juye komai. Ka zuba rabin lita na kananzir da noti guda 20, ka ƙirga su, ka girgiza sosai ta kowane ɓangare na minti goma, ka juye, ka sake har sai abin da ke fita ya daina ja. Ka ƙirga notin nan 20 sun fito cif. Ka ɗauraye da fetur kaɗan ka shanya. Wannan aiki a fili ake yin sa, nesa da murhu da mai shan taba. A ƙasan makullin mai akwai ɗan kofi da rariya, su ma a wanke.

Kafiretar kuma ka cire ta, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire don kada ƙananan kaya su faɗa cikin rairayi. Ka kwance kofin ƙasa. Za ka ga fulot, da allurar da ke tsayar da mai, da jet biyu na tagulla, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne na silo, raminsa bai fi kaurin gashin doki ba, kuma shi ke fara toshewa. Ka jiƙa su a fetur na awa guda, ka zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki ta jan ƙarfe ka zura a hankali, ka hura, ka ɗaga shi sama ka ga hasken rana ta ciki, zagaye sak. Kada ka sa allurar ɗinki. Ƙarfenta ya fi tagulla tauri, za ta buɗa ramin, daga nan babur ya riƙa shan mai yana baƙanta fulogi har ƙarshen rayuwar jet ɗin. Ɗan sukurun iska da ke gefe, ka ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ka ƙirga juyi nawa ya yi kafin ka cire, don ka mayar da shi yadda yake. In ka manta, fara da juyi ɗaya da rabi.

Akwai wurare biyu da mutane ba sa tunawa: akwatin iska da bakin salansa. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a nan, kuma salansar da ta toshe ba ta barin inji ya tashi ko da komai nasa daidai ne. Soson iskar in ya fara marmashewa a hannu, ka jefar ka sayi sabo. In da sauransa, ka wanke da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai ka sake matsewa har ya zama da ɗan maiƙo kawai. Maiƙon ne ke kama ƙura. Soso busasshe a lokacin hunturu da babu duk ɗaya.

Kafin ka tayar, ka juye tsohon baƙin mai. A ƙasan injin ta hagu akwai babban murfi da sifana 24 ke kwancewa, bayansa sifirin da 'yar rariya. Ka wanke ta, ka mayar, kada ka matse murfin da ƙarfi don alminiyam ne, yana tsagewa. Ka zuba 20W-50, wajen lita ɗaya ba kaɗan, kana dubawa da sandar awo babur yana tsaye sak. In ya tashi, ka bar shi a silo minti biyar ba tare da murɗa totur ba. Washegari da sanyin safiya ka saita bawul: ka juya fulawil har alamar T ta zo daidai da tsagin da ke jikin inji, roka biyun, wato ƙarafan da ke danna kan bawul, duka suna ɗan motsi a hannu. In ba sa motsi, ka ƙara juyi guda cikakke. Tazarar milimita 0.08 ce, da fila, wato siririn ƙarfen awon tazara, ake aunawa, ba da kunne ba. Tayoyi kuwa in gefensu ya tsattsage, ka canza su da tif ɗinsu kafin ka hau kwalta, ko da zanensu na nan kamar sabo.

Tambaya: Ina da Peugeot 504 a-kori-kura da nake ɗaukar hatsi daga kasuwar Gujungu. Da na yi lodi na yi tafiyar rabin awa sai allurar zafi ta haye, ruwa ya riƙa tafasa. An cire tamostat, an canza gasket sau biyu, ba ta daina ba. (Daga wani Alhaji a Taura)

Amsa: Alhaji, gasket ɗin da ya ƙone sau biyu ba shi ne mai laifi ba, shi ma zafin ne ya ci shi. Muddin ba a gano abin da ke kawo zafin ba, na uku ma haka zai tafi. Motar nan da aka fara harhaɗa irinta a Kaduna tun 1975 an san ta da jure lodi da rana, don haka in tana tafasa akwai dalili.

A fara da safe, inji da sanyi. A duba murfin lagireto: in robarsa ta tsage ko sifirinsa ya saki, ba ya riƙe matsi, kuma ruwan da ba matsi a kansa yana tafasa da wuri. Murfi shi ne mafi araha a duk kayan, kuma shi aka fi rainawa. Har akwai masu toshe bakin da tsumma ko leda, wannan kashe inji ne da hannu. Sai fanbel: a danna tsakiyarsa da yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita 1. In yana sheƙi kamar an goge shi, zamewa yake yi. Wasu 504 suna da fanka mai kama kanta da maganaɗisu idan zafi ya kai, sai a tabbatar tana kamawa, don takan riƙa juyawa a banza mai kallo ya ɗauka aiki take.

Motar da ke shiga kasuwar hatsi da gonaki, gaban lagiretonta kan cika da ƙaiƙayi da ƙura. A haska tocila ta baya a leƙa ta gaba. In haske ba ya ratsawa, iska ma ba ta ratsawa. A wanke da ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, ba akasin haka ba, don kada a ƙara cusa dattin ciki.

Ciki kuma shi ne babbar magana. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa. Ku dubi cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta, wannan farin ɓawon da ya kama gindinta shi ne ke kama bututun lagireto, ga tsatsar bulok a kai. Gwajinsa mai sauƙi ne: inji ya yi zafi, a kashe, a shafa tafin hannu a jikin lagireto daga sama zuwa ƙasa, gefe zuwa gefe. Duk inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin sun toshe. Irin wannan ɓawon, ɗauraya ba ta fitar da shi, sai mai gyaran lagireto ya buɗe kansa ya zura tsinke a bututu ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan a riƙa zuba ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa, ko aƙalla ruwan sama da aka tace.

Cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗumama, al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma ba mu goyon bayanta. Ba ta warkar da toshewa, sai dai ta sa inji ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya sha mai, silinda ta ci. A gwada tamostat ɗin a tukunyar ruwa: a ɗora a wuta, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Lambar zafin da yake buɗewa tana rubuce a jikinsa. In bai buɗe ba a sayi wani. A kuma duba ƙasan famfon ruwa ko akwai sawun ɗiga, a girgiza fankar a ji ko boris ya yi sako-sako. Taimin da ya yi baya shi ma yana dafa inji, alamarsa mota ta yi nauyi a hawa, salansa ta yi zafi fiye da kima. Tazarar kwantak ɗinta milimita 0.40 ce, a saita ta kafin a taɓa distirbuta.

Yanzu ga abin da ya sa muke zargin aikin da aka yi sau biyu. Kan injin 504 alminiyam ne, bulok ɗin kuma baƙin ƙarfe. Kan da ya sha tafasa yakan lanƙwashe, musamman in an kwara masa ruwan sanyi da zafinsa, inji yana a kashe. Sai an kai shi an ɗora ƙarfen awo an ga ya miƙe, in bai miƙe ba a fere shi a injin. Na biyu, silindojinta hannun riga ne da ake zurawa, ruwa na zagaye da su, da abin toshewa a gindinsu. Idan an cire kai aka juya inji ba tare da an danne su da noti da washa ba, sai su ɗaga, toshin ya lalace, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai ko da sabon gasket. A zaro sandar awo a gani: in man ya koma kalar shayi da madara, ko ana ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto inji yana silo, ko fulogi ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran da toka, to ruwa na shiga inda bai kamata ba. Wajen ɗaure kai, daga tsakiya ake farawa ana zagayawa zuwa gefe, da sifana mai awon ƙarfi, ba da bututu a kan sifana ba. Bawul da sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.25. Bayan tafiyar kilomita 1,000 a sake duba su.

In ta tafasa a hanya, Alhaji, a tsaya a buɗe bonet a jira aƙalla minti 30. Kada yaron mota ya taɓa murfin nan da zafi, tururinsa na saɓule fata. In za a ƙara ruwa, a tayar da inji a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Babanmu yana da Vespa tun ta aurensa. Yakan tsiyaya baƙin mai cikin tanki da ido. Yanzu hayaƙi ya yi yawa, ba ta da ƙarfi, fulogi kuma duk sati sai an canza. (Daga wata malamar makaranta a Gaya)

Amsa: Malama, a gaishe da Baba, a kuma roƙe shi ya bar awon ido. Injin Vespa ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar na CG, man da aka gauraya da fetur shi kaɗai ke shafe fistin da boris. In ya yi kaɗan inji ya buga, in ya yi yawa sai abin da kuke gani. Awon yawancinsu kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Lita 5 ke nan mililita 100. Sai dai tsofaffi ƙwarai na shekarun 1950 da wasu na shekarun 1960, waɗanda ke shan kashi 5. Ki sayo masa sirinji mai cin mililita 20 a kemis ya ajiye a akwatin babur: lita ɗaya, sirinji ɗaya. A rufe makullin mai, a fara zuba man gaurayen, fetur ya biyo a kansa, a girgiza babur.

Irin man ma da magana. Wanda aka rubuta 2T a jikinsa shi aka yi don ya ƙone tare da fetur. Baƙin man mota yana barin toka da gawayi, balle wanda aka juye daga wata motar. Gawayin nan ne ya rage ƙofar fitar hayaƙi, shi ya sa ƙarfi ya tafi. A cire salansa a leƙa ƙofar, a juya inji har fistin ya hau ya rufe ta, a kankare da guntun katako mai tauri ko alminiyam. Salansar kuma a kai ta a gasa a wuta a fili, ta huce, a bubbuga gawayin ya zube. Akwatin giya nasa man daban, SAE 30, kimanin mililita 250, kuma sau da yawa shi ake mantawa shekara da shekaru.

Masu Yamaha 100 da Suzuki, ku naku da famfo da tankin mai na gefe. Kada ku bari ya ƙafe, don iska in ta shiga bututun sai an fitar da ita kafin mai ya sake tafiya. Kada kuma a cire famfon Suzuki a koma gauraye, domin a wasu injinansu famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kuranshaf.

Tambaya: Man birki ya ƙare mini a hanyar Maigatari, wani direba ya ce in zuba ruwan omo. Na zuba, birki ya kama. In bar shi haka? (Daga wani direba a Gumel)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada motar nan ta sake ɗaukar fasinja sai an juye shi. Ruwa na tafasa a digiri 100, man birki sabo kuwa sai ya haura 200. Ranar da ka yi ta taka birki da lodi, ruwan zai zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Ga tsatsa da zai sa wa silindojin. A juye duka, a wanke layin da sabon man birki DOT 3 ko DOT 4, ba da fetur ko kananzir ba, don suna kumbura robobi. A fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da babban famfo zuwa mafi kusa: mutum ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya ya buɗe nonon ya rufe kafin a saki feda, ana cika kofi kada ya ƙafe. Sannan man birki ba ya ƙarewa haka kawai, yoyo yake yi. A leƙa bayan kowace taya a nemi inda ya jiƙe, a duba ƙarƙashin feda ta cikin mota.

Tambaya: Ruwan batir ɗina yana raguwa, in ƙara asid ne ko ruwan leda? (Daga wani manomi a Bichi)

Amsa: Ko ɗaya. Ruwa ne ke tsere wa batir, asid ɗin yana nan, ƙara shi na cinye farantan ciki. Ruwan leda kuma da gishirin ƙasa a cikinsa. Tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba shi za ka zuba, ya rufe farantan da kamar santimita 1. In duk sati biyu sai ka ƙara, caji ne ya yi yawa: a auna da mita inji yana aiki, batir mai bolt 12 kada ya wuce 14.5. Farin garin da ke taruwa a kan sandunan kuma, ka jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ka wanke shi, za ka ga yana kumfa, amma ka toshe ramukan kada ko ɗigo ya shiga ciki. Ka goge, ka ɗaure, ka shafa giris. Wajen cirewa ka fara da wayar da ke haɗe da jikin mota, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe.